Kwanson Harsashi da Tsakar Gidanmu: Nasiha ga Samari

A da, yaron da ya tashi a ƙauyukan Dambatta ko Makoɗa ko Kunchi yana iya girma har ya ajiye iyali bai taɓa riƙe kwanson harsashin bindigar soja ba. Abin da ya sani ita ce bindigar toka ta maharbin unguwarsu, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, sai jefi-jefi jan kwanson roba da wani mai hali ya yar in ya fito daga birni harbin zabin daji. Yau ba haka abin yake ba. Tun da ta'asar 'yan bindiga ta fara tsallako iyakar Katsina tana taɓa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, kwanso ya zama abin tsintuwa a kwarin kunya, a bakin rafi, har a aljihun yara. Ga kuma waya a hannun kowa, tana nuno mutanen Amurka zaune a ɗakin aikinsu suna wanke kwanso har ya yi ƙal, su sake cika shi ya koma harsashi. Daga nan zancen ya shigo majalisar samari: ai wannan ba wani abu ba ne, in da tsamiya da toka da ɗan haƙuri mu ma za mu iya, harsashi ya yi tsada, ga tagulla ana zubarwa a banza.

Ƙannena, a kan wannan zance nake so mu zauna. Ba raina basirarku nake yi ba. Hannun da ya iya kwance injin ban-ruwa a bakin dam ɗin Tomas ya mayar da shi ya tashi, alhali mai hannun bai taɓa shiga ajin kanikanci ba, zai iya abubuwa da yawa. Don na san za ku iya ɗin ne ma hankalina ya tashi.

Duk wanda ya taɓa duban kwanso da kyau ya san ba fanko ba ne. Bakinsa baƙi ne da hayaƙi. In ka leƙa ciki za ka ga wata ƙura mai launin toka ta manne a bango, in ka goga yatsa ta biyo ka. A gindi akwai ɗan da'ira ƙarami mai lotsawa a tsakiya, wurin da allurar bindiga ta sara wuta ta tashi. In ya kwana biyu a ƙasa mai laima sai ka ga kore-kore ya fara fito masa. Wannan ɗan da'irar na gindi, a yawancin harsasan duniya, da sinadarin dalma ake haɗa abin da ke cikinsa, kuma idan ya fashe ragowar dalmar ce ke shafe cikin kwanson. Shi kansa kan harsashin da ya fita, cikinsa galibi dalma ce. Saboda haka baƙin da kake son wankewa ba dauɗa ce irin ta gindin tukunya ba. Akwai guba a ciki, wadda ba ta da wari, ba ta da ɗaci, ba ta kuma ruɓewa komai daɗewarta a ƙasa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yara. Yaro in ya tsinci kwanso, abin da ya fara yi shi ne ya kai shi leɓe ya hura, don yana ba da ƙara irin ta usur. Ya hura, ya miƙa wa ƙaninsa, shi ma ya hura, mai rarrafe ya tsince shi a ƙasa ya tsotsa. Babba in ya haɗiyi dalma, kaɗan ce ke shiga jininsa, saura ta wuce. Jikin ƙaramin yaro kuwa yana zuƙe ninkin ba ninkin na abin da babba ke zuƙa, musamman yaron da ba ya samun abinci mai gina jiki. Tana zuwa ƙwaƙwalwa tun tana ɗanya, ta rage wa yaro fahimta ragewar da ba ta dawowa. Tana kwantawa a ƙashi shekara da shekaru, in yarinya ta girma ta ɗauki ciki ta fito daga ƙashin ta shiga jikin ɗan da ke cikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa.

Mu mutanen Arewa ba sai an ba mu labarin wannan daga wata ƙasa ba. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, yara suka riƙa mutuwa a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, da suma da jijjiga, iyaye suna zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko iska. Da likitocin ƙungiyar MSF suka bincika, sai aka gano duwatsun zinariyar da maza ke kawowa gida mata na dakawa suna niƙawa cike suke da dalma. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai suka sha magani. Kafin maganin ya yi amfani sai da aka bi gida-gida ana kankare ƙasar tsakar gida da ta ɗaki, a kwashe a binne, a zubo sabuwa. Na ƙauyen Bagega ma sai a 2013 aka samu yi. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Ban ce kwanso goma za su yi ɓarnar da buhunan dutsen zinariya suka yi ba. Yawan ba ɗaya ba ne. Amma hanyar ɗaya ce: magidanci ya shigo da sana'ar ƙarfe cikin gida da niyyar neman abin rufin asiri, ƙurar ta sauka inda yara ke rarrafe.

Kuma ku dubi yadda gidajenmu suke. A ƙasarmu ta arewacin Kano babu abin da ake zubarwa ya tafi ke nan. Tun a shekarun 1960, lokacin da masani Michael Mortimore ya yi nazarin karkarar da ke kewaye da birnin Kano, abin da ya ja hankalin masana shi ne yadda mutane masu yawa haka suke noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da barinta ta huta ba, kuma ba ta mutu ba. Sirrin taki ne. Sharar tsakar gida, tokar murhu, kashin awaki da na kaji, duk ana tara su a juji, rani na yi a ɗora wa jaki mangala ko a loda a amalanke a kai gona. To saurayin da ya zauna a gindin darbejiya da kwanon sha da soso yana dirzar kwanso, ina ruwan wankin zai tafi? Zai watsa shi a tsakar gida. Ya bushe, iskar hunturu ta ɗaga shi, ya faɗa a tsakin da aka shanya da kukar da aka baza a tabarma. Abin da ya rage matar gida ta share da safe ta kai juji, daga juji sai gona, gonar da 'ya'yanka da jikokinka za su ci gaba da tsugunawa a cikinta. Kwanon kuwa a ɗauraye shi a dama wa yaro koko. In kuma aka kai ga narka dalmar tsohon batir a kan murhun girki, wanda na san wasu maharba na yi don samun abin ɗura wa bindiga, to nan an haɗa hayaƙi da ƙura gaba ɗaya, a wurin da mace mai ciki ke wuni.

Abin da wayar ba ta nuna muku shi ne abin da ke bayan hoton. Mutumin can na Amurka dokar ƙasarsa ce ta yarda masa. Ɗakin aikinsa daban yake da inda iyalinsa ke ci. Kayan da yake haɗawa daga kanti ya sayo su, kowanne da sunan masana'anta da lamba. Yana da sikelin da ke auna abin da bai kai nauyin ƙwayar gero ba, yana da littafin ma'auni da masana'antu suka gwada a ɗakin gwaji kafin su buga. Kowane kwanso sai ya duba shi a gaban fitila ya auna tsawonsa, wanda ya ga alamar tsaga ya jefar ba tare da ya yi tunani sau biyu ba. Duk da haka, a cikinsu ana samun masu yawan dalma a jini, musamman masu goge kwanso a busasshen injin da ke tayar da ƙura, kuma ana samun waɗanda bindiga ta fashe wa a hannu saboda kuskuren awo. Su da kansu suna gudun dalmar: tun 1991 Amurka ta hana harbin agwagin ruwa da ita, jihar Kalifoniya kuma ta hana ta a kowace irin farauta daga 2019. Kai da za ka kwaikwaye shi da cokali da ido da “ai haka na ga an yi”, ba aiki ɗaya kuke yi ba.

Wanki ma ba shi ne matsalar kwanso ba. Ƙyalli ba ya nuna lafiyar ƙarfe. Tagullar kwanso gauraye ce, kusan kashi 70 jan ƙarfe, kashi 30 tutiya, kuma an yi ta ne don ta buɗe ta toshe bayan bindiga a lokacin da wuta ta tashi, kada iskar ta dawo wa mai harbi. Matsin da ke cikin bindiga irin ta soja a wannan ƙiftawar ido ya ninka iskar da ke cikin tayar mota fiye da sau dubu. Duk harbi ɗaya tagullar na miƙewa, ta ƙara tauri, ta ƙara kusantar karyewa. Ido ba ya ganin hakan. Ranar da ta gaza, ba gaba wutar ke yi ba, baya take yi, inda idonka da kumatunka da yatsunka suke.

Akwai wani abu da sojojin Ingila suka koya a Indiya wanda ya kamata duk ɗan ƙauye ya ji. Idan damina ta sauka sukan adana harsasansu a bargar dawakai har ruwa ya ɗauke. In an zo ɗauka sai a tarar kwanso da yawa sun tsattsage haka kawai, ba wanda ya taɓa su. Shekaru aka yi ana mamaki, sai a 1921 masana suka bayyana dalili: tururin amoniya da ke tashi daga fitsarin dawakai ne ke cin tagullar ta wuraren da aka matsa ta lokacin ƙira. Yanzu ku gaya mini, a gidanmu na ƙauye ina saurayi zai ɓoye abin da ba ya so mahaifinsa ya gani? A rufin turken awaki, ko bayan akurkin kaji, ko ƙarƙashin buhun takin zamani. Wuraren da suka fi ko'ina wannan tururi ke nan. Har man goge tagulla na kanti, wani akwai amoniya a cikinsa: ya ba ka ƙyalli a waje, ya raunana ƙarfen a ciki. Ga shi kuma da yawa daga kwanson bindigar AK-47 da ake tsinta ba tagulla ba ne sam. Baƙin ƙarfe ne aka shafa wa launi, mayen ƙarfe na kama shi caraf, kuma don harbi ɗaya aka yi shi.

Sai kuma kuskuren da ya fi kowanne saurin kisa, wanda nake roƙon ku da girman Allah ku isar wa duk wani mai bindigar toka: garin da ke cikin harsashin zamani ba albarushi ba ne. Kamanninsu na iya rikita mutum, amma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne ko kusa. Bindigar da maƙerin ƙauye ya yi don albarushi ba za ta iya ɗaukar garin zamani ba. Wanda ya fasa harsashi ya juye garinsa a bindigar toka, bututun ne zai tarwatse a tsakanin hannuwansa, ya kuma sami wanda ke tsaye kusa da shi.

Na san wani mai karatun tarihi a cikinku zai ce ai kakanni sun yi. Gaskiya ne, kuma ba abin kunya ba ne. Samori Ture, wanda ya shafe shekaru yana gwabzawa da Faransa kafin su kama shi a 1898, mayaƙansa sukan tattara kwanson da aka harba su kai wa maƙeransa a sake cikawa. Sarki Tanimu na Damagaram ya sa an haɗa albarushi an kuma zuba igwa a Zinder, kuma da irin wannan ƙarfi ne Damagarawa suka zo har ƙasar Gezawa a zamanin Sarkin Kano Alu, a ƙarshen shekarun 1890. Amma ku lura da wanda ya yi aikin da inda aka yi shi. Aikin sarauta ne, a maƙerar da sarki ya sani, a hannun mutanen da suka gaji wuta da ƙarfe, kuma sarki ya san adadin abin da ya fita da hannun da ya shiga. Ko a wancan zamani ba kowane saurayi ne ke haɗa harsashi a bayan ɗakin uwarsa ba. Magajin wannan aiki a yau shi ne masana'antar makamai ta DICON da aka kafa a Kaduna a 1964. Mai sha'awar wannan fanni da gaske, hanyarsa ta makaranta ce da injiniyanci da aikin soja, kuma ba hanya ce da aka rufe wa ɗan Bichi ko ɗan Minjibir ba.

Maganar doka gajeriya ce, amma ku riƙe ta. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta raba bindigogi gida uku: na yaƙi, waɗanda lasisinsu sai shugaban ƙasa, sai irin su bindigar harbin tsuntsu, waɗanda ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, sai masu ɗuri ta baki, waɗanda ke hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Ta hana ƙera harsashi ko haɗa shi ko gyara shi sai a inda hukuma ta ba da izini. Kuma a ma'anar da ta ba harsashi, ta haɗa har da sassansa. Ke nan leda cike da wankakken kwanso a ƙarƙashin katifarka ba tarkace ba ce a idon mai bincike. Hujja ce, kuma hukuncin irin waɗannan laifuka ɗauri ne na shekaru. A wannan zamani da ake neman masu kai wa 'yan bindiga harsashi ruwa a jallo, wa zai tsaya ya saurari cewa gwaji kake yi? Ba mu manta da abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a ƙarshen Maris na 2025 ba, inda aka kashe matafiya 16, mafarauta, yawancinsu mutanen Kano masu dawowa gida Sallah, bayan an ga bindigogin farauta a motarsu. Zalunci ne tsantsa, babu abin da zai wanke shi, Allah ya jiƙansu. Na kawo shi ne don ku ga irin tsoron da ƙasar ke ciki, inda zato ke riga tambaya.

Akwai kuma wani dalili da ba a cika faɗa ba, wanda ni a wurina ya kai sauran nauyi. Kwanson da ɗan ta'adda ya bari a ƙauye shaida ne. A gindinsa akwai lambobi da haruffa da ke nuna masana'antar da ta yi shi da shekarar da aka yi shi. Lotsawar da allura ta yi masa kuwa kowace bindiga da irin tata, har masu bincike na iya gane ko bindigar da ta yi harbi a wannan ƙauye ita ce ta yi a wancan. Da irin waɗannan alamomi na jikin makamai ne ƙungiyar Conflict Armament Research ta bi sawun waɗanda aka kama a Kaduna da Katsina da Zamfara, ta fitar da rahoto a farkon 2020 da ya nuna wasu daga rumbunan Libiya suka fito, wasu daga na sojojin Kwaddibuwa, wasu kuma daga Turkiyya aka yi fasa-ƙwaurinsu ta tashar jiragen ruwan Legas. Duk yaron da ya kwashe kwanso daga inda aka yi ta'asa, ya dirje shi da yashi, ya goge wa wanda ya kashe maƙwabcinsa sawu, ko da bai nufa ba. Abin da ya dace shi ne a bar shi inda yake, a hana yara zuwa, a gaya wa mai unguwa ko dagaci, su kira jami'an tsaro.

Haka nan masu cewa ba cikawa za mu yi ba, 'yan gwangwan za mu sayar wa. Kuɗin kilon tagulla na da daɗi, na sani. Amma wanda ya saba tsintar kwanso wata rana zai tsinci wanda bai tashi ba, ko abin da ya fi harsashi girma, ya ɗauka tsohon ƙarfe ne. A watan Yuni na 2025 mutum biyar suka mutu a gefen birnin Kano lokacin da wani abu ya fashe a cikin lodin tsofaffin ƙarafa, 'yan sanda suka ce bam ne irin na soja. A Borno sai da Gwamna Zulum ya hana sana'ar tsintar ƙarafa a daji a 2023 saboda rayukan da take ci. Harsashin da aka jefa a wutar narka ƙarfe yana fashewa, kuma mai zuga-zugi ne ke kusa.

Ban manta da ku ba, 'yan sintiri, ku da ke kwana a bakin gari da fitila da gora alhali kun san abin da ke hannun waɗanda kuke jira. Maganarku ita ce ta fi wuyar amsawa, kuma ba zan yi kamar mai sauƙi ce ba. Mutumin da aka kore wa shanu, aka ɗauke masa mata, in ya ce zai nemi harsashi ko ta wace hanya, ba na ganin hauka a maganarsa. Amma ku auna. Harsashin da aka haɗa da ka, ko ya ƙi tashi a lokacin da rayuwarka ta rataya a kansa, ko ya tashi a fuskarka. In ka tsira daga wannan, ranar da jami'ai suka zo bincike ba za su iya bambanta ka da wanda kake tsare gari daga sharrinsa ba, sai garin ya rasa mai gadi, iyalinka su rasa mai ciyarwa. Kuma abin da aka koya a ɓoye ba ya zama a hannu ɗaya. Yau kai ne mai amana, gobe yaron da ya riƙe maka fitila ya koya, jibi rikicin iyakar gona ko na siyasa ya tashi. Jihohin da suka riga mu shiga wannan masifa sun gane haka, shi ya sa Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, aka ɗauki samarin ƙauyuka da sunansu, aka horar da su, aka sa su ƙarƙashin hukuma. Ku matsa wa dagatai da hakimai da shugabannin ƙananan hukumomi da 'yan majalisarku lamba a kan irin wannan: rajista, horo, kayan aiki na halal, lambar waya da za a kira a ɗauka. Wannan haƙƙinku ne, ku neme shi da babbar murya.

Ku kuma masu sha'awar farauta, ku je ku zauna da tsofaffin maharba tun suna raye. Za ku ga abin da ya sa suka tsufa da yatsunsu goma ba laya kaɗai ba ce. Dattijon maharbi ba ya shiga gida da bindiga a ɗure. Ba ya kwana bai wanke bututunta ya busar ya shafa mai ba, don ya san tokar albarushi na jawo laima ta ci ƙarfe daga ciki. Albarushinsa nesa da murhu yake, nesa da hannun yaro. Ba ya nuna bakin bindiga ga mutum ko da wasa, abin da addininmu ma ya hana. Ya san Sarkin Baka, Sarkin Baka ya san shi, yana da takardarsa. Kuma ya san ƙasarmu ba dajin Falgore ba ce: a nan bayan kowace kuka akwai gona, bayan kowace gona akwai gida, cikin kowace karmami ana iya samun yarinya mai tsintar itace. Abin da zan ƙara a kan iliminsu ɗaya ne, wanda zamaninsu bai sani ba. Dalmar da ta shiga jikin zomo ko zabo tana farfashewa ƙanana-ƙanana a cikin naman. A yanke wurin raunin da faɗi a jefar inda kare da kaji ba za su ci ba, kuma irin wannan nama kada a ba ƙananan yara da masu ciki.

In kuwa wannan takarda ta same ka ka riga ka fara, ka daina yau, kuma kada ka tsaya a dainawa. Kwano da soso da tsumman da ka yi aiki da su sun bar kayan girki har abada. Wurin da ka zauna ka yi wankin, kada a share shi a bushe: a yayyafa ruwa, a kankare saman ƙasar, a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya da gona a binne, kada ko kaɗan ya shiga juji. Kayan da ka sa a wanke su daban da na yara, ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa abinci ko ka ɗauki jariri. Kwanson da ke hannunka ka sami mahaifinka ko wani dattijo da ka amince da shi, ku je wurin mai unguwa tare, shi ya san yadda zai miƙa wa hukuma. Idan akwai yaro a gidan da ya yi wasa da su, musamman in ka ga yana yawan ciwon ciki, ko kasala, ko ya ɗashe, ko ya daina abin da ya riga ya iya, ko ya taɓa jijjiga ba tare da zazzaɓi ba, ku kai shi asibiti. Ka buɗe baki ka gaya wa likita cewa yaron ya taɓa dalma kuma kana so a auna ta a jininsa, domin alamominta suna kama da na cututtuka da yawa, in ba ka faɗa ba da wuya a yi zatonta.